Goyo a Baya, Yayayye a Hannu: Jan Hankali ga Iyayen Yara

Gabatarwa

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin magidanta da matan aure da kakanni na Rurum Tsohon Gari da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga ƙasar Rano har zuwa Kibiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a tsakar gida ko a Islamiyyar matan aure.

In aka yi haihuwa a gida, hankalin kowa kan jariri yake komawa. Shi 'yan barka ke ɗauka, shi ake yanka wa rago ranar suna. Amma akwai wani ɗan ƙaramin mutum a gidan wanda jiya-jiya shi ne a baya, yau an sauke shi: yayan jaririn, mai shekara ɗaya da rabi, ko biyu, ko uku. Jariri yana da nono, yana da bayan uwa. Shi kuwa wannan ya rasa duka biyun, ga ƙafa ta fito, hankali bai zo ba. Kiran da takardar nan take yi shi ne, kada goyo ya sa a manta da yayayye.

1. Dalilin da ya sa yayayye ya fi shiga haɗari

Yaron da aka yaye kwanan nan yana cikin lokacin girma da sauri, amma cikinsa ɗan ƙarami ne, bai wuce girman dunƙulen hannunsa da yawa ba. Ba zai iya cin abin da zai riƙe shi tun safe har dare a zama ɗaya ba. In aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwanon. Ga shi duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kai shi, daga nan sai gudawa, gudawa kuma ita ce ƙofar tamowa.

Wannan ba sabon sani ba ne. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Accra ta ƙasar Gana, ta yi bayanin wata cuta da take gani a jikin ƙananan yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu su kumbura, fata ta saɓule, yaro ya daina walwala. Ta nuna cewa daga abinci cutar take. A nan gida kuma, binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Tsumburewa ba a jiki kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa takan taɓa, kuma mafi yawanta kafin yaro ya cika shekara biyu take shiga.

To, ƙasarmu ƙasar noma ce. Muna da gero da dawa da masara, muna da gyaɗa da wake da waken soya, ga zogale a bayan gida, ga kifi daga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala tun 1974. A gidaje da yawa abin da yaro ke bukata yana cikin rumbu. Rabon ne ba ya kai wa gare shi.

2. Tazara da yaye

Iyayenmu na dā sun san illar kwanika, shi ya sa sukan bar yaro ya sha nono ya ƙoshi kafin a yi masa ƙane. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, domin jinin uwa ya dawo, yaro kuma ya yi ƙwari. Miji da mata su zauna su yi shawara a tsakaninsu, sannan su nemi bayani a asibiti.

In kuwa Allah ya kawo ciki alhali ana goyo, kada a firgita a tsige yaro daga nono dare ɗaya. Ana cewa nonon mai ciki yana sa wa yaro ciwo. Likitoci sun tabbatar nonon ba ya lalacewa, raguwa dai yake yi. Abin da ke kayar da yaron shi ne a raba shi da nono farat ɗaya alhali bai saba da wani abinci ba. Mai cikin da ke da lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, ta ƙara cin abinci, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo halin da take ciki.

Yaye a hankali ake yinsa. A fara rage na rana, a maye gurbinsa da abinci, daga baya a rage na dare. In za a kai yaro gidan kaka kamar yadda aka saba, a kai shi gidan da ya sani, kuma maigida ya haɗa da abincinsa. Kada a yaye yaro yana cikin rashin lafiya.

3. Kwanon yayayye

Doka ta farko, a ba shi kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna kusa da shi har ya gama. Ta haka ne za a san ya ci ko bai ci ba. Doka ta biyu, ya ci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ƙosai, awara, alala, dafaffen dankali, gwanda ko mangwaro.

Koko tsararo cika ciki kawai yake yi. A dama kunu da kauri, a sa masa gyaɗa ko madara ko ɗan mai. Akwai wani haɗin gari da ma'aikatan lafiya kan koya wa mata: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa su tare. Miyarsa kuma a sa zogale ko alayyafo ko kabewa, a daka busasshen kifi a barbaɗa. Zancen da ake yi cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, camfi ne. Ƙwai ɗaya da kazar gida ta saka ya fi amfani a cikin yaro bisa ga 'yan kuɗin da za a samu in an sayar.

Ya ke Inna, ki riƙa duba jikanki. In gashinsa ya yi ja ya yi laushi, in damtsensa ya tsotse, in kin danna bayan ƙafarsa yatsa ya bar rami, ba sammu ba ne, ba kuma kambun baka ba. Tamowa ce. A asibiti akwai ɗan ma'aunin damtse mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana bukatar magani ranar nan.

4. Haƙƙin jariri da maijego

Jariri bukatunsa kaɗan ne, amma ba a wasa da su. A sa shi a nono da zarar an haife shi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Daga nan har wata shida nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, ko da a tsakiyar bazara ne, domin nono yana ɗauke da ruwan da zai ishe shi. In an yi rubutu domin neman albarka, uwa ta sha. Cibiya a shafa mata man Chlorhexidine da ake samu a asibiti, kada a sa toka ko man goge baki. Cire beli kuwa yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, a bar shi.

In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ko ya yi jijjiga, kada a jira gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa, in sun tura Babban Asibitin Rano a tafi.

Maijego ma a tausaya mata. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta. In uwa ta kwanta, yara biyu ne suka shiga uku.

5. Kati biyu, tafiya ɗaya

Jariri yana karɓar rigakafi ranar haihuwa, sai a mako 6, mako 10 da mako 14, sai a wata 9 a yi masa na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita na ƙyanda. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Kuskuren da ake yawan yi shi ne, in sabon ciki ya zo sai a yi watsi da katin babban. Duk ranar da za a kai jariri, a ɗauki katin yayansa a tafi da shi, a duba abin da ya rage masa, a auna nauyinsa, a ba shi sinadarin bitamin A.

Mun ga amfanin rigakafi, mun kuma ga illar barinsa. An dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano a 2003, cutar ta bazu, aka dawo da shi a 2004. Da aka dage, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Sai ga mashaƙo ya ɓarke tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Alluran nan uku na mako 6 da 10 da 14 suna kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa.

6. Damina da haɗurran tsakar gida

Damina ce lokacin gwaji. Rumbu ya yi ƙasa, manya suna gona, sauro ya yi yawa. Uwa da jariri sukan shiga gidan sauro a bar yayayye a tabarma tare da yayyensa. A sama masa nasa wurin a ciki. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna zagayawa gida-gida wata-wata, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, domin yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Maganin na kwana uku ne, a cika na rana ta biyu da ta uku.

In gudawa ta kama yaro, a kaɗa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba shi abinci. Kashin yara a kai shi masai, a wanke hannu da sabulu.

Mai tatata ba ya sanin wuta sai ta ƙone shi. Tukunyar ruwan wankan jego kada a sauke ta inda zai kai. A rufe rijiya, a kifar da bahon wanki, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Kananzir da fiya-fiya da maganin feshin gona kada a zuba su a robar lemo, a rataye su sama. 'Yar raino mai shekara shida ita ma yarinya ce, ba a bar mata yara biyu a fita unguwa, ba a kuma cire ta daga makaranta saboda raino.

7. Kishi da tarbiyya

Yaron da aka yi wa ƙane yakan canja. Ya koma fitsarin kwance, ya yi ta ƙiwa, wani lokaci ya mintsini jaririn. Ba mugunta ba ce, neman uwarsa yake. Duka ba ya gyara wannan. A jawo shi jiki a ce masa, “Zo ka ga ƙaninka, miƙo mini majanyi, Allah ya yi maka albarka.” In jariri ya yi barci, uwa ta ɗora babban a cinya ko na ɗan lokaci ne. Kaka ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a riƙa yi masa magana ana amsa tambayoyinsa, domin da hira baki ke buɗewa. Kada a bar shi shi kaɗai da jariri a ɗaki.

8. Kira ga maigida

Malam, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace mai goyo da yayayye, ga daka, ga girki, ga wanki, ba za ta iya ita kaɗai ba. Da kaka, kafin ka kai gyaɗa da waken soya kasuwa, ka ware na yara wanda zai kai su wata kakar. Ka ba iyalinka izini tun yanzu cewa in ciwo ya taso ba ka gida, su tafi asibiti ba sai sun jira ka ba, ka kuma ajiye kuɗin babur a hannunsu. Ka karɓo wa yaran duka biyu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In ka dawo da yamma, ka ɗauki babban, ka tambayi uwarsa me ya ci yau.

Masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya, ku ma kuna da rabo a wannan aiki. Ranar suna jama'a na taruwa, bayan addu'a a tunatar da uban jariri cewa yana da wani ɗan a cikin gida, a tambaye shi lafiyarsa da katinsa. Allah ya raya mana zuri'a bisa imani da ƙoshin lafiya, amin.