Darasi a Kan Ƙarasa Kafar Maɓalli

Mu mutanen hatsi mun san abu guda: buhu ba ya zuba ta tsakiya sai ta inda basilla ta tsaya, in ba a ɗaure igiya ba. To, haka kafar maɓalli take. Daga ƙarshenta take fara tsefewa. Da yawanmu a aljihun kaftani ko jamfa muke sa kuɗin ciniki, maɓalli ɗaya ne tsakaninsu da ƙasa. Ran da kafar ta saki, sai dai salati.

Ga yadda tela na gari yake yi. Da fari ya auna faɗin maɓallin, ya ƙara kaurinsa, tsawon kafa ke nan. In ɗinkin hannu ne, sai ya tsaga tukuna, ya goga wa zare kakin zuma, ya daje bakin tsagar, allura kusa da allura, kowane ƙulli ya kwanta a kan baki. In na keke ne, ɗinki ake fara yi, tsaga ta biyo baya. Sai a gicciya fil a ƙarshe don kada reza ta zarce ta yanke zaren.

Nan ne wurin lura. In ya iso ƙarshe, sai ya gicciya zare sau 3 ko 4 a wuri ɗaya, ya naɗe su tam, su zama sakata. Kafar da ke tsaye sakata biyu take so, sama da ƙasa. Daga nan ya fitar da allura ta bayan yadi, ya cusa ta ƙarƙashin ɗinkin kamar rabin inci, ya dawo kaɗan, kana ya yanke. Ƙulli ɗaya tsirara ba ya jure wanki da bugu.

Saboda haka, kai mai sarin ɗinkakku, kada ado ya ruɗe ka. Zaro riga daga tsakiyar dozin, juya ta baibai, ja kafar da yatsa biyu. In ka ga jelar zare na reto, ko babu sakata, a mayar wa tela ya gyara, ko a rage kuɗi. Dillali kuwa ya faɗa wa mai saye aibin da ya gani, don ɓoye aibi algus ne, yana cinye albarkar ciniki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.