Amsar Tambaya: Zaman Karen Riƙo da Karen Gida

Karen riƙo shi ne wanda mutum ke karɓa daga gidan kula da dabbobi ya riƙe na ɗan lokaci kafin a samar masa ubangida, al'adar da ta yaɗu a Amurka da Ingila. Matsalar da mai tambaya ya kawo, ta rashin jituwa tsakanin karen riƙo da karen gida, ta samo asali ne daga kishin muhalli, domin kare yakan ɗauki gida da kwanon abincinsa a matsayin mallakarsa.

Kafin komai, likitan dabbobi ya duba baƙon, ya tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Haɗuwar farko kuwa a waje ya kamata a yi ta, inda babu mai iko da wurin, kowanne da igiya a hannun mutum daban, ana tafiya gefe da gefe har su shinshini juna. Idan ɗaya ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya ƙura wa ɗan'uwansa ido, sai a raba su cikin natsuwa, ba da duka ba.

A gida, a raba musu wurin ci da makwanci, kada kuma a rage wa karen gida kulawar da ya saba samu. Mai tambaya kada ya bar su su kaɗai sai ya ga sun saki jiki da juna.