Kafin a sayar da amfilifayar jita

Duk ƙarshen zangon karatu, akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da kuɗin mota ke tilasta wa rabuwa da kayansu. Mai kaɗa jita yakan fara da amfilifaya, saboda nauyinta da kuma ƙorafin maƙwabta. Ba a jimawa nadama ke biyo baya: jitar lantarki ba ta da murya sai da ita, kuma kuɗin da ya karɓa ba zai sake sayen irinta ba.

Wanda ya riga ya sayar, in zai sayi wata, kada ya nemi babba. Amfilifaya mai wat 100 ta dandalin biki ce. A ɗaki, wat 5 zuwa 10 ya wadatar, domin sai an ninka wat sau 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau 2.

Matsalar wuta ce ta fi muhimmanci a garuruwa irin su Jega da Maiyama. Amfilifayar Boss Katana Mini mai wat 7 tana aiki da batir 6 irin na tocila ƙarama, haka ma Roland Micro Cube, kuma duka biyun suna da ramin abin saƙalawa a kunne don atisayen dare.

Mai sayen ta gwanjo ya juya bayanta ya karanta. Kayan Amurka na bolt 120 ne, wutar Najeriya kuwa 230, jonawa kai tsaye ƙonewa ce. Ya je da jitarsa, ya murɗa kowane maɓalli, in ya ji ƙarar ƙas-ƙas ya nemi ragi ko ya haƙura.