Yadda Za Ka Bi Damben Japanawa Daga Gombe Ba Tare Da Ka Ƙone Data A Banza Ba

Yawancin masu kallon damben Japan a garin nan guntayen bidiyo ne suka jawo su: daƙiƙa ashirin a TikTok, ƙafa ta sauka a wuyan mutum, ya zube. Wanda ya tsaya a nan bai fara kallo ba tukuna. Ga hanyar da za ka bi idan kana so ka san abin da idonka yake gani.

Mataki na farko, ka raba wasannin gida biyu, domin ba abu ɗaya ba ne. Muwai Tai na mutanen Tailan ne. Ana naushi, ana hauri, ana sa gwiwar ƙafa da gwiwar hannu, ana kuma riƙe wuyan abokin karawa a yi ta kokawa a tsaye. A gargajiyance turmi 5 ake yi, kowanne minti 3, da makaɗa a gefen fili suna busa har a tashi. Kikbosin kuwa Japanawa ne suka fitar da shi daga jikin wancan a shekarun 1960, ta hannun wani mai shirya dambe, Osamu Noguchi. A dokar da ta fi yaɗuwa yau, wato ta K-1, turmi 3 ne, babu gwiwar hannu, kuma alƙali ba ya barin dogon riƙo. Wanda ya saba da dambenmu zai lura da wani abu nan take: a wurinmu da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A can alƙali ƙirge yake yi, idan mutum ya miƙe kafin 10 a ci gaba, sai dai an rage masa maki.

Na biyu, ka riƙe sunayen gidajen da ke shirya wasa. K-1 ce uwa, Kazuyoshi Ishii ya kafa ta a 1993. Akwai ƙanwarta Krush, sai babbar kishiyarta RISE, da KNOCK OUT, da Shoot Boxing wadda ta yarda a ɗaga mutum a kayar. Dukkansu suna da tashoshi a YouTube inda suke ɗora tsofaffin wasanni kyauta. Sai ONE Championship, wadda ba ta Japan ba ce, amma can manyan Japanawa suke zuwa gwada ƙarfi da 'yan Tailan.

Na uku shi ne wanda na fi so ka ba lokaci: zaɓi mutum ɗaya ka bi shi tun daga tushe. Ni Takeru Segawa zan ba ka. Ya ci kambun K-1 a aji uku na nauyi, mutum ne mai kutsawa gaba yana murmushi ana dukansa. Ka fara da wasanninsa na K-1, sannan ka nemi karonsa da Tenshin Nasukawa na 19 ga Yuni 2022 a Tokyo Dome, gaban mutum sama da 56,000. Shekaru aka yi ana jiran wannan haɗuwa saboda kowa da gidan da ya riƙe shi. Ka sa ido a ƙarshen turmin farko, inda hagun Tenshin ta zaunar da Takeru, kuma daga nan makin bai sake dawowa ba. Bayan shi ka kalli wasansa da Superlek na Tailan a Janairu 2024. A wannan kada ka kalli fuska ko kaɗan, cinyar Takeru za ka kalla, yadda ake sara ta da ƙwauri turmi bayan turmi har ta canza launi. A nan za ka gane abin da guntayen bidiyo suke ɓoye maka: haurin ƙasa, wanda ba ya sa 'yan kallo ihu, shi yake cin wasa. A Maris 2025 kuma Rodtang, shi ma ɗan Tailan, ya gama da shi cikin daƙiƙa 80 a Saitama. Daren nan ne Masaaki Noiri ya tsayar da Tawanchai na Tailan a turmi na uku, ya share wa Japanawa hawaye.

Idan Muwai Tai zalla ya fi burge ka, Nadaka Yoshinari za ka bi, ɗan ƙaramin jiki mai saurin tsiya, wanda ya riƙe kambun Rajadamnan da na Lumfini, manyan filaye biyu na Bankok. Wanda ya buɗe wannan ƙofa Toshio Fujiwara ne a 1978, baƙo na farko da ya ci kambun Rajadamnan. Wata dabara ƙarama: ka kwafo sunan ɗan wasa da rubutun Japananci daga Wikipedia ka liƙa a gurbin bincike na YouTube. Bidiyoyin da za su fito sun ninka waɗanda haruffan boko suke kawowa.

Na huɗu, agogo. Japan tana gaban Gombe da awa 8, Tailan da awa 6. Taron da aka buɗe a Tokyo ƙarfe 2 na rana, a nan 6 na safe ne, manyan wasannin kuma sai wajen azahar ɗinmu. ONE tana da wasa kusan kowace Juma'a a Lumfini tun 2023, ana haska shi a YouTube, yana farawa da misalin 1:30 na rana agogonmu, daidai lokacin da ake haramar masallaci. Babu abin da zai wuce ka. Je ka yi sallarka, idan ka dawo ka ja bidiyon baya, tunda sau da yawa a wasannin farko ake sa Japanawa. Kawai ka guji Facebook kafin ka kalla, kada wani ya faɗa maka sakamako. Jadawalin wasanni masu zuwa yana shafin Tapology.

Na biyar, data da wuta. Ka sauke ingancin hoto zuwa 360, ya isa ka ga ƙafa da hannu. Tsofaffin wasanni ka sauko da su da datar dare. Idan kun kai ku biyar ko shida a Pantami ko Jekadafari, ku yi magana da mai gidan kallon ƙwallo. Ranar Juma'a da rana talabijin ɗinsa yawanci zaune yake, idan kuka haɗa masa kuɗin fetur da wuya ya ƙi. Manyan tarukan Japan na kai tsaye kuwa na kuɗi ne, wasu ma a cikin Japan kaɗai ake buɗe su, don haka ka yi haƙuri har su fito a tashar masu su. Shafukan sata da ke cewa ka danna nan, talla da tarkon caca ne cike da su.

Na ƙarshe, ɗauki biro ka riƙa ba da maki da kanka. Wanda ya ci turmi 10, ɗayan 9, wanda aka kayar 8. A Muwai Tai na gargajiya a filayen Bankok lissafin daban ne: turmi na 3 da na 4 su ne masu nauyi, haurin ciki da tsayuwa daram sun fi naushi daraja, shi ya sa za ka ga wanda ke gaba yana ja da baya a turmi na 5. Wannan Juma'ar ka gwada a wasa uku, ka rubuta naka kafin alƙalai su faɗi nasu.