Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Dafin Kububuwa Ya Samo Ƙarfinsa?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Nasarawar Burkullu, ƙaramar hukumar Bukkuyum a Zamfara. An koya mana cewa ƙwayar gado gutsure-gutsure take, amma na kasa gane hikimar hakan. Kuma a daminar bana kububuwa ta sari wani maƙwabcinmu a gona, har jini ya riƙa fito masa ta dasashi. Ko akwai alaƙa tsakanin karatun nan da abin da na gani?

AMSA: Allah Ya ba maƙwabcinka lafiya. Alaƙa akwai ta, mai ƙarfi ma.

Ƙwayar gado umarni ce da aka rubuta a jikin DNA kan yadda za a haɗa furotin. A shekarar 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp, kowa da nasa ayarin, suka gano cewa umarnin a yanke yake: yanki mai ɗauke da saƙo, sai wani da ake cirewa a yar, sannan wani mai saƙo. Wannan ya sa suka sami kyautar Nobel a 1993. Yanki mai saƙo shi ne ekson, wanda ake cirewa intiron, kuma Walter Gilbert ne ya raɗa musu waɗannan sunaye a 1978.

Shi ma furotin gaɓa-gaɓa yake, kowace gaɓa tana naɗe kanta, tana da aikinta: wata ta yanka, wata ta riƙe, wata ta manne. Dubi maƙeri: ƙota iri ɗaya, in ya sa mata ruwan fartanya ta yi noma, in ya sa mata ruwan gatari ta sari itace. A furotin da yawa na jinin dabbobi da naman jikinsu, inda gaɓa ta ƙare nan ekson ma ya ƙare. Tun da intiron dogaye ne, idan DNA ya tsinke ya sake haɗewa, galibi a cikinsu ake tsinkewar. Sai ekson ya ƙaura ɗungurungum, ko ya ninku, ko ya ɓace, ba tare da an raba gaɓar biyu ba. Wani masani ɗan ƙasar Hungari, László Patthy, ya nuna cewa irin wannan musayar ta yawaita ne a dabbobi, musamman a furotin da ke daskarar da jini da masu haɗa ƙwayoyin jiki. Misali, tPA da likitoci ke narkar da gudan jini da shi yana da gaɓoɓi biyar, kuma ana samun irinsu a wasu furotin dabam.

Yanzu ga kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Babban makaminta wani dangin furotin ne masu yanka naman jiki da taimakon sinadarin zinki. Masana sun bi sawunsu har zuwa wata ƙwayar gado mai suna ADAM28, wadda mu ma muna da ita, kuma ba guba take yi a jikinmu ba. Furotin ɗinta na da wata gaɓa da ke kafe shi a bangon ƙwayar jiki. A kakannin macizai an sami kwafinta da ya rasa wannan gaɓar, sai furotin ya kuɓuce ya shiga ruwan dafi da gaɓoɓi uku. Daga nan kwafi ya yi ta haifar kwafi. Wani ya zubar da gaɓa ta uku ya saura da biyu, wani ya saura da mai yanka kaɗai. A 2011 Nicholas Casewell da abokan aikinsa, da suka bincika dangin kububuwa, sun nuna cewa bayan zubar da gaɓa ne sauran ke saurin canzawa su ɗauki sabon aiki. A 2020 aka ƙirga irin waɗannan kwafe-kwafe kusan 30 a jere wuri ɗaya a wani macijin Amurka mai ƙararrawa a wutsiya, wasunsu sun rasa ekson sukutum.

Abin da ka gani aikin wannan runduna ce. Wasu suna huda bangon ƙananan jijiyoyin jini. Wasu suna tayar da daskarewa ba gaira ba dalili har kayan daskarewar su ƙare. Wasu ƙanana kuma suna hana ƙwayoyin da ke toshe rauni manne wa juna. Shi ya sa jini ke tsattsafowa ta dasashi, ta fitsari da tsohon miki. Tun a shekarun 1970 likita David Warrell ya yi nazarin wannan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma har yau ana amfani da gwajin da ya bayyana: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, in minti 20 ya cika bai daskare ba, dafin ya kama jiki.

Wannan ilimi yana ceton rai. Tun da kowane jinsin maciji da nasa kwafe-kwafen, dafinsu ya sha bamban. Allurar maganin dafi da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya ta sha kasa warkar da saran tamu, shi ya sa aka haɗa allurar EchiTAb da dafin macizan Najeriya, wadda asibitin saran maciji na Kaltungo a Gombe ya daɗe yana aiki da ita. Ka gaya wa mutanen gida: in an sari mutum kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar ko hannun motsi, a garzaya asibiti ko da yana ganin ya warware, domin jinin kan ɓalle bayan kwana ɗaya ko fiye. Kai kuma ka riƙe wannan fanni da kyau. Manoma da makiyayan ƙasarmu suna buƙatar masana daga cikinsu da za su san dafin macizan gonakinsu gaɓa-gaɓa.