Kafin Ka Biya Kuɗin Fili a Babban Giji, Bi Sawun Ruwa

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, ina haya a Gyadi-Gyadi da iyalina. Wani dillali ya nuna mini rabin fuloti, ƙafa 50 a 50, da ɗan gini a kai, a wani lungu a Babban Giji. Kuɗin bai kai na gidajen bakin kwalta ba. Takardar mai unguwa ce kawai da mai gidan. Dillalin yana matsa mini in ba da kafin alƙalami tun wani bai riga ni ba. Me ya kamata in duba?

Amsa: Malam, gaggawa jarin dillali ce, amma ba ƙarya ya yi maka ba da ya ce wurin yana da masu nema. Babban Giji ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Tarauni, tare da irin su Gyadi-Gyadi Arewa da ta Kudu, Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku da Hotoro. A ƙidayar 2006 an samu mutum 221,367 a ƙaramar hukumar, a kan ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 28 ba, wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'i. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, amma ido ya isa shaida: tsakar gida ta zama ɗakunan haya, gareji ya zama shago, filin da yara ke buga ƙwallo ya zama bene. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana jawo ma'aikata da ɗalibai da masu jinya. Ga tashar Unguwa Uku, ga kasuwar Tarauni, ga shagunan titin gidan Zoo. Kowa yana so ya kwana kusa da wurin nemansa.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne yadda irin waɗannan unguwanni suka cika. An yi wa Kano babban tsari a farkon shekarun 1960, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, aka ƙiyasta zai ɗauki birnin daga 1963 zuwa 1983. Jama'a suka fi ƙarfin takarda. A wasu sassan Tarauni gwamnati ce ta yanka filaye, ta fitar da tituna masu faɗi. A wasu sassan kuwa magada ne suka yanka gonakin iyayensu da awon igiya, kuma mai sayar da fili ba ya samun ko kwabo a kan hanya ko lambatu, don haka abin da ya rage bayan an gama yanka shi ake kira hanya. Sauƙin farashin da ka gani, a nan tushensa yake. Araha ba ta ado. Kuɗin hanya da magudana da aka rage maka a ranar ciniki, za ka biya su daga baya, damina bayan damina.

Don haka kafin ka tambayi takarda, tambayi ruwa. Fara da na sama.

Ruwan Kano yana zuwa ne a dunƙule, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Yi wannan lissafin da kanka. Idan aka yi ruwa mai zurfin milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 irin ta 'yan ga-ruwa. Gida ɗaya ke nan. A lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa, saura ya gangara kududdufi. Yanzu rufi ya rufe sama, siminti da intalok sun rufe ƙasa, kududdufan da ke tara ruwan an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ruwan bai ragu ba, masaukinsa ne aka ƙwace. Sai ya bi lungu yana neman gidan da ya fi kowane kwari.

Daga nan ake shiga wata gasa da nake gani a unguwanni da yawa, kuma ita ce mafi muni. Wanda ruwa ya shiga gidansa sai ya zuba jar ƙasa a ƙofar gida, ya ɗaga dokin ƙofa. Maƙwabcinsa ya ga ruwan ya karkato gare shi, shi ma ya ɗaga nasa. Mai sabon gini ya zo ya ɗora fandishonsa sama da na kowa, ya yi wa motarsa gangare da ya cinye rabin hanya ya toshe lambatun da ke akwai. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar hanya ta fi tsoffin gidaje tudu, ana sauka cikin zaure kamar ana shiga rijiya. Gidan da aka fara ginawa a lungun, wanda sau da yawa shi ne ke fitowa kasuwa da araha, shi ne ya zama matattarar ruwan kowa. Ka tabbata ba shi aka nuna maka ba.

Gane hakan ba ya buƙatar injiniya. Tsaya a ƙofar gidan ka duba: daɓen tsakar gida ya fi hanya tudu ko hanya ta fi shi? Dubi gindin katanga, ciki da waje. Idan filasta tana ɓarewa, ko akwai farin gishiri-gishiri, ko layin datti a miƙe kamar an ja shi da zare, ruwa yana kwana a nan. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa ko iya ƙugu abin tuhuma ne. Bi lambatun ƙofar gidan da ƙafarka har ka ga inda ya faɗa babbar magudana. Idan ya ƙare a jikin katangar wani, ka sami amsarka. Sannan ka tambayi dattawan lungun ko wurin tsohon kududdufi ne. Gini a kan cikon shara yana zama a hankali, bango ya tsage, ƙofa ta daina rufuwa, kuma babu filastar da ke maganin wannan. Kada ka tambayi dillali. Tambayi mai shago, mai shayi, ko ɗan ga-ruwan da ke tura kura a lungun kullum, shi ya san inda tayarsa ke nutsewa. Idan da hali, ka je wurin da safiyar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta. Gidan da aka gani a watan Maris ba a gan shi ba tukuna.

Sai ruwan sha, kuma ba zan iya raba shi da maganar masai ba, don a ƙarƙashin ƙasa maƙwabtan juna ne. Kano tana da matatun ruwa a Challawa tun farkon shekarun 1930, ga kuma na Tamburawa a hanyar Zariya, amma abin da suke fitarwa bai kai buƙatar birnin ba, kuma lungunan awon igiya da yawa ko bututu ba a shimfiɗa musu ba. Abin dogaro shi ne rijiya, bohol da 'yan ga-ruwa. Ƙarƙashin wannan ɓangaren na Kano dutse ne. Ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa wani ya haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu, kuma shi ya sa rijiyoyin gargajiya ke ƙafewa da bazara idan bohol ya yi yawa a kewaye. Kada ka bari a kafa injin haƙa kafin masu auna ƙasa su gwada wurin.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Filin da aka nuna maka, ƙafa 50, kimanin mita 15 ne kowane gefe. Ko ka kai masai wannan kusurwa ka kai rijiya waccan, ba za ka sami mita 30 ba, kuma bayan katangarka akwai masai da sokawe na maƙwabta uku da ba kai ka zaɓi wurinsu ba. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, ya haɗu da abin da ke cikin ramukan. Ta nan taifot da amai da gudawa ke shiga gida. A 2021 an samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Wannan bai hana zama a wurin ba, sai dai ya sauya yadda za ka yi da ruwan. Rijiya mara zurfi a irin wannan fili ta wanki ce da wanke-wanke. Idan bohol za ka yi, ka tsaya a kan mai haƙa ya toshe kewayen bututun da siminti daga sama zuwa 'yan mitoci ƙasa, ya yi daɓe a bakinsa, don ruwan lungu kada ya bi jikin bututu ya sauka. Masu haƙa da yawa suna tsallake wannan don ba a ganinsa. Kai ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, kuma a tsakiyar damina, lokacin da ya fi lalacewa. Abu biyu za ka nema: ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, waɗanda bai kamata a samu ko ɗaya ba, da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 a lita. Tafasawa ko sa kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire naitiret, shi kuwa haɗarinsa ya fi yawa ga jariran da ake dama wa madara. Ruwan ga-ruwa ma daga bohol ɗin wani yake. Tambayi wane ne, ka je ka gani. Garai-garai a ido ba shaida ba ce.

Akwai dabara ɗaya da ke rage matsala biyu: sa tanki a ƙarƙashin indararo. Bar ruwan farko ya wanke rufi ya zube, sannan ka tara sauran don wanki da banɗaki. Ka rage kuɗin jarka, ka rage abin da kake turo wa lungu. Kuma ka bar wani ɓangare na tsakar gida ba daɓe, ka dasa darbejiya ko lemo, ƙasa ta sha rabonta.

Faɗin hanya kuwa, auna shi da motar kwasar masai da ta kashe gobara, don ranar da za ka neme su ba ranar shawara ba ce. Zirga-zirga ba sai na daɗe a kai ba: fito daga lungun da ƙarfe 7:30 na safiyar Litinin ka nufi titin Zariya ta Dangi, agogonka zai gaya maka gaskiya.

Yanzu takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma a cikin birni shi ke ba da shaidar mallaka. Takardar mai unguwa tana da amfani, tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ta hana jan fentin rusau idan ginin ya hau hanya ko magudana. Ka ɗauki ma'auni, wato safiyo mai rajista, ya fitar da iyakokin filin, ka kai wa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, a duba ko yana cikin filin gwamnati ko an taɓa ba wani, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane, ko akwai titi ko magudana da aka tsara ta bi ta nan. Idan gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Rigingimun filaye da yawa daga magajin da ba a tuntuɓa ba suke tasowa.

Idan ka saya, ka sani babu gidan da ke maganin ruwa shi kaɗai. Lungun da ya zauna lafiya shi ne wanda mazaunansa suka haɗu a gaban mai unguwa da liman, suka amince da tudu ɗaya da ba wanda zai wuce shi a ƙofar gidansa, suka yi karo-karo suka fitar da lambatu daga ƙarshen gangare zuwa sama. Wannan tsarin yana da muhimmanci: wanda ya fara gina lambatu daga saman lungu ya tattara ruwa ne ya kai wa na ƙasa da sauri. A yashe shi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a kuma kwashe abin da aka fitar a ranar, don idan aka bar shi a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta dace da wannan aikin, kuma takarda mai ɗauke da sa hannun magidanta 30 ta fi kiran wayar mutum ɗaya nauyi a ofishin hukumar kwashe shara ta REMASAB ko wajen kansila. Tun kafin ka saya, tambaya ko lungun yana da irin wannan kwamiti, da kuma wa ke riƙe kuɗinsa.

Game da kafin alƙalami, idan dole ne ka bayar, ya zama kaɗan, a hannun mai gidan ba dillali ba, a gaban shaidu biyu, kuma a rubuta cewa za a dawo maka da shi cif idan binciken KANGIS ko KNUPDA ya nuna matsala. Nemi wa'adin mako huɗu. Idan mai gidan ya ƙi a rubuta wannan sharaɗin, ka sabunta hayarka ta Gyadi-Gyadi na shekara guda, ka yi amfani da daminar bana ka zaga lungunan Babban Giji da ƙafa.