Ƙarfin Mace: Daga Ina Ya Ke Fitowa?

Karatu: Misalai 31:10-31, Rut 1

Akwai waɗansu littattafan ƙauna da Kirista na Amurka da Kanada su ke rubutawa a kan zamanin da Turawa su ke ƙaura zuwa yammacin ƙasarsu cikin kekunan dawaki. Labaru ne ƙagaggu, galibi kuwa mace ce jarumarsu. Ya kamata mu auna su da ma'aunin Littafi Mai Tsarki.

Zamanin

A shekara ta 1862 gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa wanda ya zauna shekara 5 a sabuwar ƙasa yana nomanta, za a ba shi eka 160. Gwauruwa da budurwa mai shekara 21 su ma suna da wannan dama. Mata da yawa suka yi noma, suka haihu nesa da likita, suka binne mazajensu a hanya. Kada kuwa mu manta, ƙasar tana da masu ita, watau kabilun Indiyawa da aka kora.

Littattafan

A 1979 wata Kirista ta Kanada, Janette Oke, ta fitar da Love Comes Softly. Mijin Marty ya mutu, ya bar ta da juna biyu, ba dangi, ba kuɗi. Dole ta sa ta auri Clark, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙarama. Ta wurin haƙurinsa da karatun Maganar Allah kowace safiya ta san Ubangiji. A 1991 Francine Rivers ta fitar da Redeeming Love, labarin karuwa a Kalifoniya zamanin neman zinariya, ta gina shi bisa labarin annabi Hosea.

Abin koyi

Waɗannan mata ba masu naɗe hannu ba ne. Suna aiki, suna jimrewa, suna tuba, suna gafartawa. Wannan ya yi daidai da macen nan ta Misalai 31, wadda ta sayi gona, ta ciyar da matalauta, tushen darajarta kuwa tsoron Ubangiji ne.

Abin lura

Kusan kowane labari yakan ƙare da aure mai daɗi. Nan haɗarin ya ke. Yarinya tana iya zaton miji nagari shi ne ladan bangaskiya, in bai zo ba sai ta ce Allah ya yashe ta. Matar aure kuma tana iya gwada mijinta da mutumin da alkalami ya ƙera, ta raina shi. Amma sa'ad da Rut ta manne wa Na'omi, ba wanda ya yi mata alkawarin Bo'aza. Hannatu annabiya ta tsufa tana gwauruwa, tana bauta wa Allah cikin haikali dare da rana, ta kuwa ga Mai Ceto (Luka 2:36-38). Ƙarfinsu daga Allah ne, da miji ko ba miji.

Saboda haka ba mu hana karanta su ba, sai dai kada su ƙwace lokacin Littafi Mai Tsarki. Bari iyaye mata su tambayi 'ya'yansu abin da su ke karantawa, su tattauna shi tare.

Tambayoyi

1. Me ya sa Rut ta bi Na'omi?
2. Waɗanne ayyuka ne aka yabi macen Misalai 31 dominsu?
3. Ta yaya ekklesiyarmu ta ke girmama gwauraye da marasa aure?